Cikin Lebura da Ƙafar Gada

Ranar Juma'a 25 ga Oktoban 1929, magajin garin New York, Jimmy Walker, ya jagoranci bikin fara aikin wata ƙatuwar gada da za ta haɗa sassa uku na birnin, Manhattan da Bronx da Queens. Triborough aka raɗa mata. Ranar ba ta yi kyau ba. Kwana ɗaya kafin bikin kasuwar hannun jarin birnin ta yi mummunar faɗuwa, kwana huɗu bayansa kuma ta sake yin wadda ta fi ta farko muni. Kafin a cika shekara uku kuɗin aikin sun ƙare ƙaf. 'Yan kwangila suka kwashe kayansu, aka bar ƙafafun gada a tsaye a bakin ruwa, babu komai a kansu, mutane suna wucewa suna kallo.

Duk birnin da karayar tattalin arziki ta faɗa wa, irin wannan halin yake shiga. Yawancin kuɗin shigar birni daga harajin gidaje da filaye da kasuwanci yake fitowa. Ranar da magidanci ya rasa aiki, haraji ne abin da zai fara daina biya, a ranar ce kuma layin masu neman agaji yake ƙara tsawo a ƙofar ofis. Birni ba shi da injin buga kuɗi. A wurare da yawa ma doka ta hana shi cin bashi don biyan albashi. Idan an zauna yanke kasafi, ba za a sallami 'yan sanda duka ba, ba za a garƙame asibiti ba, don haka gini ne ke fara shan wuƙa, tun da ginshiƙi ba ya zanga-zanga. A 1933 sai da hukumar New York ta durƙusa gaban bankuna kafin ta samu abin biyan ma'aikata, su kuma suka gindaya mata sharuɗɗansu. A wannan shekarar kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu masu neman aiki a Amurka zaman kashe wando yake yi. A tsakiyar lambun Central Park, cikin busasshen tafkin da a da yake tara wa birnin ruwan sha, waɗanda aka kora daga gidajen haya sun kafa bukkoki na kwali da gwangwani.

Abin da ke ɗaure kai shi ne, babu lokacin da gini ya fi sauƙi kamar wannan lokacin da babu mai iya yin sa. Farashin kaya ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu tsakanin 1929 da 1933. Masana'antun ƙarfe suna aiki ƙasa da rubu'in ƙarfinsu. Birkila da kafinta da mai walda da injiniya duk suna zaune a gida. Ga kaya, ga ma'aikata, ga buƙata, abu ɗaya ne babu: wanda zai ce a yi, ya sa hannu a aljihu. Ɗan kasuwa ba zai faɗaɗa masana'anta ba alhali wadda yake da ita ba ta samun ciniki. Magidanci ba zai yi gini ba alhali bai san ko wata mai zuwa yana da aiki ba. Kowa yana tsuke bakin aljihunsa, kuma kowa yana da gaskiya, sai dai kuɗin da wannan ya ƙi kashewa shi ne cinikin da wancan ya rasa. Hujjar da masanin tattalin arziki ɗan Birtaniya John Maynard Keynes ya kafa ke nan: idan kowa ya ja da baya, gwamnatin ƙasa kaɗai ta rage da za ta iya cin bashi ta kashe. Har ya yi wani misali na zolaya, cewa ko da baitulmali zai cusa takardun kuɗi cikin tsofaffin kwalabe, a binne su a ramukan kwal da aka daina haƙa, a bar 'yan kasuwa su ɗauki ma'aikata su tono, to ya fi a zauna a naɗe hannu. Ya ƙara da cewa gina gidaje ya fi hankali. Ma'anarsa dai, da babu gara ba daɗi.

Wannan ɓangaren kusan kowa ya san shi yanzu. Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an yarda a kashe kuɗin. Duk gwamnatin da ta ce za ta yi ayyukan raya ƙasa a lokacin matsi, taura biyu ta saka a baki. Tana so ta ciyar da mutane yau, tana kuma so ta bar abin da zai yi shekara ɗari yana amfani. A wurin jawabi abu ɗaya ne. A wurin aiki kuwa suna jan juna, kuma a gwamnatin shugaban Amurka Franklin Roosevelt wannan ja-in-ja ɗin har fuska gare shi, mutum biyu ne da ba sa ga-maciji.

Na farko Harold Ickes, sakataren harkokin cikin gida. A watan Yunin 1933 majalisa ta ware dala biliyan 3.3 don manyan ayyuka, aka kafa hukumar PWA, aka damƙa masa. Lauya ne daga Chicago, ya ga yadda 'yan siyasar birninsu suke wasoso da kwangila, ya ƙudurta cewa ba za a saci ko sisi a ƙarƙashinsa ba. An ce da kansa yake bin takardun kwangila layi-layi. Hukumarsa ba ta ɗaukar lebura da kanta. Birni ne zai kawo zane da lissafi, injiniyoyinta da lauyoyinta su tankaɗe su rairaye, a ba birnin wani kaso kyauta, da farko kashi 30 daga baya 45, saura rance, sannan a yi tallar kwangila kamfanoni su yi takara. Abin da aka gina ta wannan hanya ya yi ƙarko, kuma an yi shekaru ana juya biliyoyi ba tare da wata babbar badaƙala ta ɓulla ba, abin da ba kasafai ake gani a ko'ina ba. Amma watanni suka yi ta wucewa, kuɗin suna kwance a asusu, hunturu yana ƙaratowa.

Na biyu Harry Hopkins, ma'aikacin jin daɗin jama'a wanda ya yi shekaru a unguwannin talakawan New York. Ranar da ya kama aiki a matsayin shugaban hukumar agaji a watan Mayun 1933, tun ba a gama shirya masa ofis ba, ya raba wa jihohi fiye da dala miliyan 5 cikin awa biyu. Ana yawan ambaton amsar da ya ba wani da ya ce masa shirinsa zai yi amfani nan gaba: mutane ba nan gaba suke cin abinci ba, kullum suke ci. Da ya ga PWA tana tafiyar hawainiya, sai ya shawo kan Roosevelt aka yago dala miliyan 400 daga kuɗin Ickes aka kafa hukumar ayyukan gaggawa ta CWA a watan Nuwamba. Kafin ƙarshen Janairun 1934 mutum miliyan huɗu suna karɓar albashi a ƙarƙashinta. Gyaran titi, haƙa lambatu, fentin makaranta, share lambu, duk abin da za a iya farawa gobe da safe da diga da shebur. Roosevelt ya tsorata da yawan kuɗin da take lashewa, ya rufe ta da bazara. A 1935 aka dawo da tsarin da sunan WPA, wadda ta kai har 1943, mutum kimanin miliyan 8.5 suka ci abinci a cikinta, aka yi hanyoyi mil dubu 650 da gine-ginen gwamnati kimanin dubu 125.

Bambancin mutanen biyu a lissafin dala ɗaya yake. Idan kana son gada mai ƙarko cikin sauƙin kuɗi, kaso mai yawa na dalar zai tafi ga ƙarfe da siminti da injina da ƙwararru, lebura ya samu abin da ya samu. Idan kuwa cikin lebura ne damuwarka, za ka ajiye katafila ka ɗauki mutum ɗari su yi aikin da ita kaɗai za ta gama kafin azahar. Hopkins ya zaɓi na biyu da gangan. Mafi yawan kuɗin WPA albashi ne, kayan aiki kuma ana sa ran birnin da ya nemi aikin ya kawo nasa kason. Akasari mutum ɗaya ake ɗauka a kowane gida, sai an tabbatar gidan yana cikin buƙata. Albashin wata yana kamawa daga dala 19 ga lebura a karkarar kudu zuwa dala 94 ga ƙwararre a babban birnin arewa, an kuma tsara shi ya fi kuɗin agaji amma ya gaza na kamfani, don kada mutum ya miƙe ƙafa ya ƙi komawa kasuwa idan ta farfaɗo. Da aka raba musu fage, aka ce ayyukan gini da suka haura dala dubu 25 na Ickes ne, na ƙasa da haka na Hopkins. Sai mutanen Hopkins suka riƙa datsa babban aiki gunduwa-gunduwa, kowane yanki ya zo ƙasa da layin.

Duk wanda ya zaɓi hanyar Hopkins sai ya shirya shan gori. Jaridun adawa suka cika da zanen ma'aikacin WPA ya jingina da shebur yana gyangyaɗi. Akwai ƙamshin gaskiya a zargin. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana akawu a banki, ka miƙa masa diga, ba zai yi aikin lebura na asali ba. Wanda ya yi shekara uku bai ƙoshi ba, hannunsa ba shi da ƙarfi. Shugaban aiki kuma ba shi da ikon zaɓar gwani ya bar rago, tun da buƙata ce ta kawo mutum, ba iyawa ba. Haɗarin ya fi haka ma idan an tara mutane babu aikin da za a ba su. A Paris a 1848, gwamnatin juyin juya hali ta buɗe wuraren aiki na ƙasa ga marasa aiki, mutum fiye da dubu ɗari suka yi rajista cikin 'yan watanni, alhali babu aikin kirki ko na kaso kaɗan daga cikinsu. Ana biyan su suna kwashe ƙasa daga nan zuwa can, ko suna zaune kawai. Masu biyan haraji suka fusata, aka rufe shirin a watan Yuni, ma'aikatan suka datse tituna, sojoji suka buɗe wuta, dubbai suka mutu.

To me ya sa ba a miƙa wa mutane kuɗin kawai, a huta? Ya fi araha ƙwarai, tun da babu kuɗin siminti, babu na masu sa ido. Amsar Hopkins ita ce mutunci. Magidancin da ya saba fita da safe ya dawo da yamma, idan ka mayar da shi mai jiran sadaka, wani abu yana karyewa a cikinsa da kuma cikin gidansa. Wannan tunanin ya girmi Amurka ma. A Lucknow ta Indiya, lokacin yunwar 1784, Nawab Asaf-ud-Daula ya sa aka fara ginin Bara Imambara don mutane su samu abin sawa a baki. Labarin da ake bayarwa a garin shi ne talakawa suna gini da rana, 'ya'yan manyan gida da kunya ta hana a gan su suna leburanci suna zuwa da dare su rushe wani sashe, kowa a biya shi, aikin ya daɗe. Ginin yana nan tsaye har yau. Ni a ganina hujjar mutunci tana da ƙarfi, sai dai tana da iyaka da masu yin ta ba sa son faɗa: aikin gini na masu ƙarfi ne. Tsohuwa, da gurgu, da matar da aka bar wa yara biyar, kankare ba zai ciyar da su ba. A WPA mata ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba, akasarinsu kuma ɗakunan ɗinki aka tura su.

Yanzu mu koma ga ƙafafun gadar nan da aka bari a bakin ruwa. Birane da yawa sun nemi kuɗin Washington, amma New York ta kwashi rabon zaki, har WPA ta riƙa ɗaukar birnin tamkar jiha mai zaman kanta. Siyasa ta taimaka. Fiorello La Guardia, wanda ya hau kujerar magajin gari a farkon 1934, ɗan jam'iyyar Republican ne amma suna ɗasawa da Roosevelt, kuma ya zo ne bayan binciken cin hanci ya tilasta wa Jimmy Walker yin murabus a 1932, don haka Ickes yana iya amince masa da kuɗi. Amma babban dalilin ba shi da armashi ko kaɗan: takardu. Birnin yana da zane a ajiye. An wallafa babban tsarin raya New York da kewayenta tun 1929. An auna filaye, an san inda titi zai bi. La Guardia ya naɗa Robert Moses kwamishinan lambuna, mutumin da ya riga ya yi shekara goma yana gina wuraren shaƙatawa da hanyoyi ga jihar, yana da tawagar injiniyoyi da lauyoyi da suka san yadda ake rubuta takardar neman kuɗi ta wuce ba tare da an dawo da ita ba. Yayin da wasu garuruwan suke neman wanda zai zana musu taswira, mutanen La Guardia suna kan jirgin ƙasa zuwa Washington da naɗaɗɗun zane a hammata. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Lokacin da Moses ya karɓi lambunan birnin ya tarar da dubban ma'aikatan CWA suna yawo babu kayan aiki babu mai gaya musu abin yi. Ya ɗauko ɗaruruwan masu zanen gini da injiniyoyi marasa aiki, suna zane da dare ana ginawa da rana, cikin hunturun da ranar 9 ga Fabrairun 1934 sanyi ya kai digiri 26 ƙasa da sifili, mafi tsanani da aka taɓa aunawa a birnin. Kafin ƙarshen shekarar an buɗe sabon gidan namun dajin Central Park. Gadar Triborough kuma aka miƙa ta ga wata hukuma ta musamman da Moses ke juyawa, PWA ta ba da rance, injiniya Othmar Ammann ya sake zanen, ya mayar da ita hawa ɗaya maimakon biyu, ya cire adon dutsen da aka so a lulluɓe hasumiyoyinta da shi. Aka buɗe ta ranar 11 ga Yulin 1936. Ramin mota na Lincoln da ke ratsa ƙarƙashin kogin Hudson ya biyo baya a 1937, filin jirgin sama da yanzu ake kira da sunan La Guardia a 1939.

Wannan matsala ta shiri ba ta tsufa ba. A 2009 gwamnatin Barack Obama ta fito da shirin farfaɗo da tattalin arziki na dala biliyan 787, ana ta maganar ayyukan da shebur kawai suke jira. Shekara ɗaya bayan haka shi da kansa ya amsa cewa babu wani abu mai kama da haka. Kafin a gama zane, a biya diyyar fili, a yi nazarin muhalli, a yi tallar kwangila, a saurari ƙarar wanda bai samu ba, shekara biyu ko uku sun tafi. Abin da ake iya yi da sauri shi ne sake shimfiɗa kwalta a titin da yake akwai. Sifaniya ta gwada gudun a ƙarshen 2008, ta raba wa ƙananan hukumomi yuro biliyan 8 da sharaɗin a kashe da wuri. Aka yi ta gyaran gefen titi da dandali, kowane aiki da ƙaton allonsa na sanarwa, ayyukan yi suka samu na 'yan watanni, kuɗin suka ƙare, rashin aikin yi ya ci gaba da hawa har ya haura kashi 26 a 2013.

Sai tambayar da ba a cika son yi ba a ranar yanke ƙyalle: wa aka gina wa? Kuɗin gaggawa yana tara iko a hannun 'yan tsiraru, tun da an ce babu lokacin shawara. Gidajen gwamnati na farko da aka gina da kuɗin PWA a New York an raba su ne bisa launin fata, na Harlem River, mai gidaje 574, ga baƙaƙe, na Williamsburg ga farare. Ickes, wanda ya taɓa shugabantar reshen Chicago na ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta NAACP, ya sa a kwangilolinsa dole a ɗauki wani kaso na ma'aikata baƙaƙe, amma bai taɓa tsarin raba unguwanni ba, ya gina a kansa ne, kuma abin da aka zuba da kankare ba ya gyaruwa da sa hannu a takarda. Ƙiyayyar manya ma ta shigo ciki. Roosevelt ba ya ƙaunar Moses tun zamanin siyasar jiha, sai aka sa Ickes ya fitar da wata doka a ƙarshen 1934 da aka ɗinka daidai wuyan mutum ɗaya: ba za a saki kuɗi ga hukumar da ɗaya daga shugabanninta yake riƙe da muƙamin birni ba. Moses ya kai takardar ga 'yan jarida, gari ya ɗauka, gwamnati ta janye. A jihar Kentucky kuwa, a zaɓen fidda gwani na 1938, an zargi jami'an WPA da matsa wa ma'aikata su zaɓi ɗan takarar gwamnati, abin da ya haifar da dokar Hatch ta 1939 da ta hana ma'aikatan tarayya shiga yaƙin neman zaɓe. Wanda yake riƙe da jerin sunayen masu cin abinci yana riƙe da ƙuri'a, ko ya so ko bai so ba.

Shin duk wannan ginin ya fitar da Amurka daga ƙangin? Bai fitar ba. Ya rage raɗaɗi, ya hana miliyoyin gidaje watsewa, amma kuɗin bai kai girman ramin ba, kuma yayin da tarayya take kashewa jihohi da birane suna ƙara haraji suna tsuke nasu. Masani E. Cary Brown ya yi lissafin a 1956 ya ce ba maganin ne ya gaza ba, ba a sha shi yadda ya kamata ba ne. Masana da yawa ma sun fi ba da ladan farfaɗowar ga raba dala da zinariya da aka yi a 1933. Shaida mafi ƙarfi ta zo ne ta bayan gida. A 1937 Roosevelt ya ga abubuwa sun ɗan miƙe, ya yanke kashe kuɗi don ya daidaita kasafi, babban banki ma ya ɗaure, nan take tattalin arziki ya sake kifewa, rashin aikin yi ya tashi daga kimanin kashi 14 zuwa 19. Dole aka sake buɗe famfo, WPA ta kai ƙololuwarta ta mutum miliyan 3.3 a ƙarshen 1938. Yaƙin duniya na biyu ne ya share sauran marasa aikin, da kashe kuɗin da babu majalisar da za ta amince da shi don gina makarantu.

Masu ɗauko wannan tarihi su ce a kwaikwaya sukan tsallake sharuɗɗan da suka sa ya yi aiki. Amurka ta ci bashin ne da kuɗinta, daga hannun mutanenta, a kan ruwa kaɗan. Ƙarfen gadar da simintinta da katakonta duk a cikin ƙasar aka yi su, don haka dalar da aka kashe a New York ta je ta tayar da masana'anta a wata jihar, ma'aikacin can ya sayi takalmi, mai takalmi ya biya haya. Ƙasar da take shigo da rodi da injina har da injiniyoyi daga waje, ta kuma ci bashin da kuɗin wasu, rabin abin da ta kashe tattalin arzikin wasu yake farfaɗowa, ranar biya kuma idan darajar kuɗinta ta faɗi bashin ya ninka. Sannan matsi iri-iri ne. Na 1933 ciwon rashin masu saye ne, kaya jibge farashi yana faɗuwa. Inda ciwon ƙarancin kaya ne da hauhawar farashi, zuba sabon kuɗi a gini yana iya zama ƙara wa wuta fetur. Sin ta nuna ɗaya gefen a 2008, da shirinta na yuwan tiriliyan 4. Ta yi sauri fiye da kowa, ta shimfiɗa layukan jirgin ƙasa masu gudun tsiya, amma yawancin kuɗin gwamnatocin birane da larduna ne suka ranto ta hannun kamfanonin da suka kafa, da filaye a matsayin jingina, kuma har yanzu bashin yana wuyansu.

Akwai kuma lissafin da ba ya cikin takardar kwangila. Gwamnatin tarayya takan biya kuɗin gini, ta ɗauki hoto, ta tafi. Albashin mai gadi, da fenti, da gyaran famfo, da canza rufi bayan shekara talatin, na birni ne har abada. Gadar Triborough ta tsira daga wannan saboda tana da abin ciyar da kanta, kowace mota tana biyan santi 25. Kuɗin ya zo fiye da yadda aka zata. Ƙa'idar farko ita ce idan an gama biyan bashi a miƙa gadar ga birni a rushe hukumar, amma Moses ya sa aka gyara doka yadda zai riƙa sabunta bashin, hukumar ba ta mutu ba, ta zama masarauta mai baitulmalinta, ya yi shekara talatin yana yanka manyan tituna ta tsakiyar unguwanni ba tare da ya taɓa cin zaɓe ba. Abubuwan da ba sa karɓar kuɗi a ƙofa su ne suka sha wuya. A watan Disambar 1973 wani sashe na titin sama na yammacin Manhattan ya rufta da tifar da ta ɗauko kwaltar gyaransa. A 1975 birnin ya kusa tsiyacewa. Hukumar gidajen gwamnatin birnin, wadda aka kafa a 1934, ta ƙiyasta a 2023 cewa gyaran gidajenta zai ci fiye da dala biliyan 78.

A bazarar 1936, wadda zafi ya kai digiri 41 a birnin, La Guardia da Moses sun buɗe manyan wuraren ninkaya 11 da ma'aikatan WPA suka gina, kusan ɗaya kowane mako, a unguwannin da yara suka saba faɗawa ƙazamin kogi don su sha iska. Na McCarren a Brooklyn yana ɗaukar mutum 6,800 a lokaci ɗaya, kuma kimanin dala miliyan ɗaya aka kashe masa. Ya yi kusan shekara hamsin yana aiki. A 1984 aka rufe shi, aka tsiyaye ruwan, ciyawa ta fito ta tsagar kankare, matasa suka cika bangon da rubuce-rubuce. Daga baya har kiɗa aka riƙa yi a cikin busasshen ramin. Sai a 2012 aka sake cika shi da ruwa, bayan gyaran da ya ci dala miliyan 50.